Gidan karnuka da kyanwoyi na Battersea a Landan: ya cancanci a ba shi rabin yini a tafiyar karatu?

Masu shirya wa ɗalibai tafiyar karatu zuwa Ingila, musamman ɗaliban likitancin dabbobi da na kiwon lafiyar al'umma, sukan cika jadawali da jami'o'i da ɗakunan gwaje-gwaje, sai a bar yini guda a ce na shan iska ne. Idan ana neman inda za a kai rabin wannan yinin a Landan, gidan Battersea yana cikin wuraren da ba za a yi asarar kuɗin jirgi ba. Amma da sharaɗi. Wanda ya je don ya shafa kan ɗan kwikwiyo ya ɗauki hoto, da guna-guni zai fito. Wanda ya je da littafi da biro don ya ga yadda ake karɓar dabbar da ba a san daga inda ta fito ba, a duba ta, a killace ta, a yi mata magani, a karanci halinta, sannan a damƙa ta a hannun wanda bai taɓa ganin ta ba, shi ne zai ci ribar zuwan.

Gidan tsoho ne. Wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi a 1860 a unguwar Holloway da ke arewacin Landan, don karnukan da suka ɓata da masu yawo da yunwa a titi. A 1871 aka mayar da shi Battersea, kudu da kogin Thames, aka fara karɓar kyanwoyi a 1883. Yau yana da rassa uku: na Landan, da na Old Windsor, da na Brands Hatch a yankin Kent. Daga nan aka ɗauko Larry a 2011, muzurun nan da ake yawan gani a hotuna yana zaune a ƙofar gidan firaministan Birtaniya. Tambayar da ɗalibi daga Kano ko Maraɗi zai fara yi a zuciyarsa, wato yaya za a gina wa kare ɗaki alhali ga mutane suna kwana a titi, ba sabuwa ba ce. Jaridar The Times ta yi wa gidan irin wannan ba'a tun a shekarar da aka buɗe shi. Kada a hana ɗalibai yin tambayar, amma a bar ta sai an fito, don ba mai zagayawa da ku ne zai warware ta ba.

Kafin a tafi

Ba wurin da za ka faɗa kai tsaye ba ne. Tun bayan annobar korona sai da alƙawari ake shiga: ko dai kana cikin waɗanda aka kira su ga dabbar da aka zaɓa musu, ko kuma ka yi rajistar zagayen da ma'aikaci ke jagoranta. Shugaban tawaga ya rubuta musu ta shafinsu na intanet makonni kafin a tashi, ya faɗi yawan ɗalibai da shekarunsu da abin da suke karanta. Wannan na ƙarshen shi ne mai muhimmanci. Zagayen da ake yi wa jama'a an tsara shi ne don masu son dabbobi da masu ba da gudummawa, ba don ɗalibin aji biyar a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ba. Idan ba a faɗa tun da wuri cewa ana son magana da wani daga sashen asibiti ko sashen nazarin hali ba, tarihi da labaran dabbobin da suka dace da iyayen gida za a sha, a fito.

Tawaga mai yawa matsala ce. Hanyoyin cikin ɗakunan karnuka ba su da faɗi, kuma taron baƙi yana tayar da haushi. Idan kun wuce goma, ku nemi a raba ku.

Masu tunanin za su yi kwana biyu suna aikin sa-kai su cire rai. Bizar baƙunci ta Birtaniya ta yarda da aikin sa-kai na kwana 30 a ƙungiyar agaji mai rajista, wannan gaskiya ne, amma manyan cibiyoyi irin wannan ba sa sakar wa baƙon kwana biyu igiyar kare. Sai an horar da mutum, kuma alƙawarin watanni suke nema.

Zuwa wurin ba wuya. Gidan yana kan titin Battersea Park, a tsakanin layukan dogo, kusa da tsohuwar tashar wutar lantarki mai dogayen bututun hayaƙi huɗu. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Battersea Power Station, wadda aka buɗe a Satumbar 2021 a kan layin Northern, 'yar tafiya ce da ƙafa. Daga Victoria kuma tsayawa ɗaya ce a jirgin ƙasa zuwa tashar Battersea Park. Motocin bas na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki mai taɓawa ko katin sufuri na Oyster, kuma kowane ɗalibi da nasa, ba a taɓa wa mutum biyu da kati ɗaya. Idan a Disamba ne, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. Zagayen safe ya fi.

Takalmi rufaffe, wando ko siket da ba ya jan ƙasa, mayafi a ɗaure kada ya riƙa lilo. Babbar riga da hula mai tsawo ba laifi ba ne, amma karen da bai saba ganin irin wannan siffa ba yakan firgita, kuma firgitaccen kare ne mai cizo. A rage turare. Takalmin da aka shiga da shi wata gona ko wani asibitin dabbobi a farkon makon kada a zo da shi sai an wanke ƙasansa. Kada kowa ya zo wa dabba da abinci. Kilishi ma dai doka ta hana shiga da shi Birtaniya tun daga filin jirgi, haka duk wani nama ko madara daga ƙasashenmu.

Ƙofar shigowa ita ce darasin

Dabba tana shigowa ta hanyoyi biyu. Akwai wadda mai ita ya kawo da kansa: ya rasa aiki, ko mai gidan haya ya hana, ko an yi haihuwa, ko mai ita ya rasu, ko kuɗin asibiti ya fi ƙarfinsa. Wannan tana zuwa da tarihi, kuma ana zaunar da mutum a yi masa tambayoyi masu yawa. Me take ci? Ta taɓa cizo? Yaya take da yara, da wasu karnuka, da zaman kaɗaici? Sai kuma wadda aka tsinta. A dokar Ingila alhakin karen da ya ɓata yana kan ƙaramar hukuma, ba 'yan sanda ba tun 2008, kuma dole a riƙe shi kwana bakwai ko mai shi zai bayyana. Sai kwana bakwai sun cika ake da ikon ba wani. Kyanwa ba ta da irin wannan doka, shi ya sa neman mai ita ya dogara kacokan ga maikurocif, wato 'yar ƙwayar lantarki mai ɗauke da lambar shaidar dabba, da sanarwa.

A nan ya kamata ɗalibai su daɗe. Maikurocif ɗin bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ana cusa shi da allura a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Ba shi da batir, kuma ba ya nuna inda dabba take, saɓanin abin da mutane da yawa ke zato. Lamba ce kawai mai alƙaluma 15, na'urar karantawa ce ke tayar da ita idan an kusanto. Wajibi ne ga karnuka a Ingila da Scotland da Wales tun Afrilun 2016, kafin ɗan kwikwiyo ya wuce mako takwas. Ga kyanwoyi a Ingila ya zama wajibi daga 10 ga Yunin 2024, kafin mako 20. Wanda aka kama bai yi ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi tarar tana iya kai fam 500.

Inda abin ke lalacewa wuri uku ne. Na farko, ƙwayar takan zame daga inda aka sa ta, ta gangara gefen kafaɗa ko ƙirji. Mai gaggawa ya wuce da na'ura sau ɗaya a kan wuya ya rubuta babu. Daidai shi ne a bi a hankali, na'ura tana taɓa gashi, daga wuya zuwa gindin wutsiya, a sauko gefe biyu da ƙirji, a maimaita da na'urar a juye. Na biyu, batirin na'ura ya yi sanyi ba a sani ba, don haka ake gwada ta da ƙwayar gwaji kafin a fara. Na uku kuma shi ne ya fi yawa: lamba ta fito, amma lambar wayar mai dabbar da ke rumbun bayanai ta daina aiki, ko sunan mai kiwon da ya sayar da karen shekaru biyar da suka wuce ne har yanzu. Rumbunan bayanan ma ba ɗaya ba ne, kamfanoni ne daban-daban. Wanda ke mafarkin kawo wannan tsari gida ya lura cewa ƙwayar ce mai arha. Riƙe rajistar da rai shi ne aikin.

Daga nan sai duba lafiya: nauyi, haƙora don ƙiyasta shekaru, kunne, fata, zuciya, alamar ko an taɓa yin fiɗiya. A ba da maganin ƙuma da na tsutsar ciki, a yi allurar rigakafi da wuri, don dabbar da ta shigo cikin taro ba ta da lokacin jira. Rigakafin kare a can ya haɗa da na cutar distamfa, da ciwon hanta, da fabo, da leftosfira. Na kyanwa ya haɗa da murar kyanwa da cutar hanji mai karya garkuwar jini. Babban asibitin dabbobi na reshen Landan an buɗe shi a 2016. Ba lallai a shigar da ku ciki ba, kuma suna da hujja.

Tsafta, da abin da ba za a bar ku ku taɓa ba

Ƙorafin da aka fi ji daga masu ziyartar irin waɗannan gidaje shi ne ba a bari a taɓa dabbobi, kuma an rufe sassa da yawa. A ganina wannan abin yabo ne, ba aibi ba. Hannu ɗaya da ya bi keji goma yana miƙa yatsa ya isa ya raba cutar tari ta gidan karnuka ga layi guda. Cutar tana ɗaukar kwana biyu zuwa mako biyu kafin ta bayyana, don haka karen da ya ba da ita lafiya lau yake a ido. Fabo ta fi muni: amai, gudawa da jini mai wari na daban, kuma tana kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa da tafin takalmi, kuma man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta. Ruwa da sabulu da safar hannu su ne abin yi. Makero kuma ba ya tsayawa kan dabba, yana kama mutum, ɗalibi ya dawo gida da zobe a hannu bai san daga ina ba.

Ka'idojin wankin ɗaki su ne ɓangaren da ya fi sauƙin ɗauka a koma da shi. Ana fara wanki daga ƙanana da masu lafiya, a ƙare da marasa lafiya, ba a komawa baya da kaya ɗaya. Kowane sashe da tsintsiyarsa da bokitinsa, galibi da launi daban don kada a ruɗe. A kwashe kashi, a wanke da sabulu, a ɗauraye, sannan a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya zuba magani a kan datti ya yi ɓarna, domin datti yana kashe ƙarfinsa. Inda babu magunguna masu tsada, bilic na gida yana kashe fabo idan an haɗa kashi ɗaya da ruwa kashi 32, wato kamar mililita 30 a lita ɗaya, a bar shi minti goma a jiƙe, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin a mayar da dabba. A haɗa sabo kullum, don wanda ya kwana ƙarfinsa ya ragu. Minti goman nan ne ake yawan ci, mai wanki yana sauri ya zuba ya ɗauraye nan take.

Ɗakin kyanwa yana da nasa tarkon. Maganin wanke ƙasa mai sinadarin fenol, irin su Izal da muka saba da shi, mai yin fari idan an zuba a ruwa, guba ne ga kyanwa: ta taka, ta lashe tafinta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka maganin ƙuma na kare mai sinadarin famatirin, ana ɗiga wa kyanwa sai karkarwa da farfaɗiya. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Karanta hali

Ginin karnukan da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a 2015, mai ɗauke da sunan Mary Tealby, an yi shi ne da tunanin rage damuwa da hayaniya. Ba ƙawa ba ce. Haushi a rufaffen ɗakin karnuka yana iya haura desibel 100, kuma karen da bai samu barci ba halinsa yana lalacewa kullum. Ku lura da abubuwa ƙanana: shin karnuka suna fuskantar juna ko an kare musu gani? Akwai wurin da kare zai ɓuya daga idon mutane? Wurin kwana ya rabu da wurin bahaya? Ana ba da abinci a kwano kawai, ko ana cusa shi cikin abin wasa don kare ya yi aiki kafin ya ci?

Tsaya gefe da keji, ba gaba da gaba ba, kada ka zuba wa kare ido, kada ka sunkuya a kansa. Sai ka kalla. Kare mai lasar leɓe ba abinci a gabansa, mai hamma ba barci, mai kau da kai yana kallonka da gefen ido har farin idon ya fito, cewa yake yi ka matsa. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce. Wutsiya a miƙe sama tana kaɗawa a taƙaice, jiki a sandare, gargaɗi ne. Wanda ya fi ban tausayi shi ne wanda baƙi ke yaba wa da natsuwa: yana kwance a lungu, fuska ga bango, ba ya haushi. Sau da yawa wannan ya sare ne. Mai zagaye wuri ɗaya ba tsayawa, ko mai tsalle yana dukan bango, ya daɗe a ciki fiye da kima. Irin waɗannan ake kai wa masu riƙo na ɗan lokaci a gidajensu, kuma wannan tsarin riƙon yana cikin ƙarfin Battersea.

A san kuma cewa gwajin hali a keji yana da iyaka. Karen da ya yi gurnani a kan kwanon abinci a kwanansa na biyu cikin baƙin wuri ba lallai ya yi haka a gida ba, wanda ya yi lamo kuma yana iya canzawa bayan mako uku da ya saki jiki. Shi ya sa rubutun yau da kullum na masu kula ya fi gwajin rana ɗaya daraja. Idan aka ba ku dama, ku roƙi ganin fom ɗin da ba a cike ba. Takarda ɗaya ce, amma ta fi hotuna hamsin amfani.

Sashen kyanwoyi ya fi shiru, kuma nan ne ɗaliban da ke tsoron kare za su sake. Kowace kyanwa da ɗakinta, da wurin hawa sama, da wurin ɓuya, kwanon abinci nesa da kaskon bahaya. Kwali kawai da aka huda wa ƙofa yana rage wa sabuwar kyanwa damuwa sosai. Dalilin ba tausayi kaɗai ba ne: ƙwayar cutar da ke kawo murar kyanwa tana kwanciya a jiki, damuwa ce ke tayar da ita bayan kamar mako guda, sai atishawa da ruwan ido su bi ɗaki. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne, don haka ake yin fiɗiya da wuri. Waɗanda ba su saba da mutane ba, ba a tilasta musu zaman falo. Ana nema musu gona ko bargar dawaki inda za su yi farautar ɓera a kuma ciyar da su.

Ba kai ke zaɓa ba

Mai son ɗaukar dabba yana cike fom a intanet: irin gidansa, ko akwai fili, ko akwai yara da shekarunsu, awa nawa gida ke zama babu kowa, ko mai gidan haya ya yarda. Ma'aikata ne ke haɗa shi da dabbar da ta dace. Idan yana da wani kare a gida sai an haɗa su an gani. Ana biyan kuɗi, dabbar kuma tana fita da maikurocif da rigakafin farko da maganin ƙuma da tsutsa, galibi an yi mata fiɗiya, da inshorar lafiya ta mako huɗu. Kuɗin bai kai abin da aka kashe mata ba. Gudummawar jama'a da dukiyar da mutane ke bari a wasiyya su ne ke ɗauke da gidan.

Masu nema da yawa suna kukan cewa tsarin yana da tsauri, mutum ya jira watanni ba a kira shi ba, daga ƙarshe ya je ya saya a intanet wurin wanda ba ya tambayar komai. Kukan yana da tushe. Amma dabbar da aka ba gidan da bai dace ba dawowa take yi, kuma ta dawo da hali mafi muni. Wannan muhawara ce mai kyau ga ɗalibai a cikin jirgin komawa masauki.

Tambayar da za a yi da ladabi, amma a yi ta, ita ce ta kashe dabba da allura. Battersea tana karɓar kowane irin kare ba tare da zaɓe ba, tsoho ko mara lafiya ko mai faɗa. Dogs Trust, wata ƙungiyar ceton karnuka da aka kafa a 1891, takenta shi ne ba ta kashe kare mai lafiya, amma tana zaɓen waɗanda take karɓa. Kowane tsari da farashinsa. A 2010 shirin Panorama na BBC ya ruwaito cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na karnukan da Battersea ta karɓa a shekarar da ta gabata an kashe su, da yawa saboda hali ba ciwo ba. Wannan tsohon adadi ne, ku nemi na yanzu daga bakinsu. Akwai kuma inda doka ce ke ɗaure musu hannu. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta haramta nau'o'i huɗu, ciki har da Pit Bull, aka ƙara XL Bully a ƙarshen 2023. Daga 31 ga Disambar 2023 laifi ne a sayar ko a ba wani irin wannan kare a Ingila da Wales, ko da kuwa lafiyayye ne mai sanyin hali. Ana hukunta kare da siffar jikinsa da awon tef, ba da abin da ya aikata ba, kuma Battersea kanta ta daɗe tana sukar wannan. Ma'aikatan da kuke tambaya su ne ke riƙe karen a ranar, don haka a sassauta murya.

Maganar tsarki ba ta kai yadda ake tsoro ba. A mazhabar Malikiyya da galibinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai kuma bin umarni ne. Wasu mazhabobin sun tsananta. Tunda ba a cika barin baƙi su taɓa kare ba, da wuya a kai ga wannan, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya sa riga ta daban a jaka. Ɗalibin da ke tsoron kare da gaske ya faɗa tun a ƙofa. Ihu da gudu a tsakiyar layi sun fi komai haɗari.

Abin da gidan ba zai koya muku ba

Babban giɓin shi ne ciwon haukan kare. Birtaniya ta rabu da shi a dabbobin ƙasa tun farkon ƙarni na ashirin, don haka ma'aikaci a Battersea yana karɓar karen titi ba tare da wannan fargaba ba. A wurinmu ita ce tambaya ta farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutuwar mutane kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka daga cizon kare. Duk wanda zai kwaikwayi tsarin karɓar dabba na Landan a Kaduna ko Damagaram dole ya ƙara abubuwan da ba zai gani a can ba: rigakafi ga ma'aikata kafin su fara aiki, killace karen da ya yi cizo kwana goma ana kallonsa, wanke rauni da ruwa da sabulu minti 15 kafin a garzaya asibiti, da hanyar aika samfuri zuwa ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken dabbobi ta Vom.

Na biyu, matsalar ma ba iri ɗaya ba ce. Karen Landan na ɗaki ne, idan ya rasa mai shi ya rasa komai. Yawancin karnukan da ke yawo a garuruwanmu suna da masu su, na gadi ne ko na mafarauta ko na makiyaya, sakin su ake yi. Tara su a gini ba zai rage yawansu ba, kuma babu layin mutane masu jiran ɗauka. Abin da ke aiki a irin wannan yanayi shi ne yi wa aƙalla kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi a kai a kai, da fiɗiya a mayar da su inda aka kamo su. Don haka idan jadawali ya ba da dama, a haɗa Battersea da wata cibiya ƙarama. Mayhew da ke Kensal Green a arewa maso yammacin Landan, wadda aka kafa a 1886, ta yi aikin rigakafin haukan kare da fiɗiya a birnin Kabul, kuma hirar da za a yi da masu irin wannan ƙwarewa ta fi kusa da abin da ɗalibanmu za su tarar. Battersea ma tana da sashen horar da ma'aikatan ceton dabbobi daga ƙasashe daban-daban; malamin da ya raka ɗalibai ya tambayi sharuɗɗan shiga.

A kuma tuna cewa Battersea ba ita ce ma'aunin sauran gidajen ba. Tana da suna da kuɗi da masu goyon baya daga fadar sarauta tun zamanin Sarauniya Victoria. Akwai ƙananan gidaje da yawa a ƙasar da mutum biyu ko uku ke riƙe da su da ƙyar.

Hukuncina: ga ɗaliban likitancin dabbobi da masu karatun cututtukan da ke tsallakawa daga dabba zuwa mutum, a je, amma a rubuta tambayoyi tun a masauki a raba wa kowa nasa. Kwana nawa kare ke yi a matsakaici kafin ya fita, kuma kyanwa fa? Kashi nawa ake dawowa da su, da wane dalili? Me ake yi idan fabo ta ɓulla a layi? Mutum ɗaya karnuka nawa yake kula da su a yini? Ga ɗaliban sakandare, zagayen jama'a ya isa, kuma sashen kyanwoyi zai fi yi musu daɗi. Ga tawagar da ba ruwanta da dabba, rabin yinin ya fi amfani a wani wuri. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, domin wasu dabbobin suna cikin kwana bakwai na jiran mai su, wasu kuma akwai shari'a a kansu. Wanda ke son ganin fili da wurin motsa jikin karnuka ya nemi reshen Old Windsor ko Brands Hatch, amma duka biyun suna wajen gari, kuma na Brands Hatch sai da mota.